Gishirin Ciyayya

A unguwar su Malam Ishiyaku a Fassi, magidanta biyar ne ke ciyayya. Da an idar da magariba kowa zai fito da kwanon gidansa, a baje tabarma a ƙofar gidan Gwadabe, a taɓa na wannan a taɓa na wancan. Maza suna kiran abin zumunci. Matan kuwa sun san jarrabawa ake yi musu kullum, kuma a gindin kwano ake karanta sakamako. Shekara ashirin da shida kwanon Lubabatu, matar Malam Ishiyaku, a suɗe yake dawowa.

Shekarar da aka hana matan Kano hawa acaɓa, Malam ya fara haki in ya ɗan taka, ƙeya tana sara masa. Ta raka shi asibiti a Rano. Likita ya auna jininsa, ya sake aunawa, sannan ya juyo wajenta.

"Iya, ke ce mai tukunya ko? Jininsa ya hau ƙwarai, zuciya tana wahala. A rage gishiri da magi, a ajiye man shanu. Zogale, wake, kuɓewa, duk ya ci. Gona kuma ya dinga zuwa a ƙafa, mashin ya huta."

Ta yi yadda aka ce, har kwana goma sha ɗaya. Kwano ya soma dawowa da rabin tuwo. Rana ta goma sha biyu Asibi, matar Gwadabe, ta leƙo ta katanga.

"Yaya Luba, lafiya kuwa? Maigidan ya ce miyarki jiya kamar an ɗauraye kuka. Har Ƙasimu, abokin ciyayyarsu, yana tambaya ko gishiri ya ƙare a kasuwar Kibiya. Ga Malam duk ya zube, kada a ce kin daina kula da shi."

Ba zubewa ya yi ba, tumbi ne ya ɗan sauka, hakin ma ya ragu. Amma an daɗe ana auna kirkin mace da tumbin mijinta, ba wanda ya taɓa tambayar zuciyar da ke ɗauke da shi. Lubabatu ta yi dariya tare da Asibi, ta shiga ɗaki. Yin tukunya biyu ba zai fisshe ta ba, tunda duk abin da ya fita tare suke sa hannu. Ran nan ta ƙara gishiri kaɗan. Bayan mako guda magi ya koma uku kamar da, man shanu ya dawo yana yawo a saman miya. Ba ta gaya masa ba.

Da kaka, wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce masa, ya kife. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace.

Da aka sallamo su daga asibiti, gida ya cika da 'yan dubiya. Wasu suka ce iska ce ta buge shi a gona, wasu suka ce ƙaddara. Kowa sai ya ƙara da, "Sannu Luba, ke kam kin yi iya ƙoƙarinki." Wannan sannun ta fi komai ci mata rai. Ta yarda da ƙaddara, amma ta san hannun da ya ɗebi gishirin.

Wata la'asar tana ba shi faten wake a baki, cokali ya tsaya mata.

"Malam, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Miyar nan, tun damina na mayar da komai. Surutun mutane na ji wa tsoro, na bar maganar likita. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana juya harshe kafin kalmomi su fito.

"Luba, an ce miki ba ni da baki ne? Tun lomar farko na sani. Daɗi na ji, na yi shiru. Mashin kuma da na ci gaba da hawa, ke kika ɗora ni?"

Ta so ta ji sauƙi, ba ta ji ba. Ashe su biyu ne, kowa yana jiran ɗaya ya yi magana.

Sai ga sallamar Asibi da langa a hannu, farfesun kayan ciki, mai ya kwanta a sama ja wur. A garin nan ba a mayar da abincin dubiya. Malam har ya ɗago kai yana shaƙar ƙamshi.

"Asibi, Allah ya saka da alheri, amma ba zai ci ba. Irin wannan ne ya kwantar da shi, kuma da hannuna na ba shi."

Asibi ta tsaya baki buɗe. "Au, nawa ne guba?"

"Ki faɗa wa duk wanda ya tambaya haka na ce."

Asibi ta fice ko sallama babu. Lubabatu ta san kafin gobe zancen ya zaga unguwa. Ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu.

"Tashi, Malam. Likita ya ce zuwa zaure sau uku, yau sau ɗaya muka yi."