Maganin Karatun Auta

Biro ne ya fara faɗuwa, sannan Auta ta bi shi. Goshinta ya bugi gefen benci, ɗakin jarrabawa ya kaure da salati. Da aka kwance mata ɗankwali don ta sha iska, ƙwayoyi huɗu jajaye suka gangaro ƙasa.

* * *

Ta farfaɗo a ofishin malamar ba da shawara, Shugaban makaranta na tsaye a kanta yana huci.

"Ta faɗi wanda ya ba ta, ko ta yi ban kwana da jarrabawar gobe!"

"Ranka ya daɗe, a ɗakin nan ba a korar yaro," in ji Malama, ko gezau. "Ba ni awa ɗaya."

Ya fice. Auta ta kafe, ko da wuƙa ba za ta yi magana ba. Malama ta kira mahaifinta.

Direban tirela ne. Ya shigo yana warin baƙin mai.

"Wace ƙwaya? 'Yata ko shayi mai kauri ba ta sha!"

Malama ta buɗe tafin hannunta. Ya leƙa, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Malama, har kin tsinka min hanji! Ai maganin gyangyaɗi ne, ni na ba ta."

"Baba, yi shiru mana!"

"Ke, rufe min baki." Ya zaro sauran daga aljihu ya ajiye kan tebur. "Shekara tara ina sha, ban taɓa kifar da mota ba. Na ga tana gyangyaɗi kan littafi, na ce ungo."

"Cikin shekara taran nan, ka taɓa kwana biyu ba ka sha ba?"

Ya dubi ƙwayoyin da ya ajiye, sannan ƙulun da ke goshin 'yarsa.

Malama ta jawo masa kujera. "Zauna, baban Auta. Duk Laraba ku biyu zan riƙa gani. Jarrabawa kuwa za ta yi, ka bar ni da Shugaba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum da ba wanda ya sani ya shigo, katin aiki rataye a wuyansa.

"Daga hukuma nake, Shugaba ne ya kira mu. Wa ke ba yaran nan ƙwaya?"

A hankali Auta ta ɗora jakar littattafanta a kan ƙwayoyin da ke tebur.