Karatun Buhu

Ƙanena Ayuba ya yi boko a Katsina, wajen dangin babanmu, ya dawo ƙauyenmu na gefen Gangara da Ingilishi cike da baki. Ingilishi kuwa a ƙasar da ko jandarma da Faransanci yake zagin mutum! Shekara da shekaru abin bai sayo mana ko gishiri ba.

Sai ga farin shekarar tamanin da huɗu. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, aka rufe iyaka, rumbuna suka koma wayam. Wasu Turawan Sifen suka sauka garin Gazawa da kamyo, wato babbar mota, cike da dawa, aka ce babbansu zai zo ya zaɓi ƙauyukan da za a kai wa. Ƙauyen da bai samu ba, sai tashi. Mu ba mu da ɗan lakol, mai bokon Faransanci, ko ɗaya, don haka maigari ya ce Ayuba ne bakinmu.

Cikin Turawan akwai wata likita da muka sa wa suna Lami, don ran Alhamis ta iso. Tana jin Ingilishi. Ta ce Ayuba ya faɗa mata kukanmu, ita za ta isar. Ina! Ayuba ya ce babban mutum da bakinka ake gaishe shi, ba da aron baki ba. Shi Sifaniyanci zai koya.

Kuma ya koya yadda muka san koyo. Lami ta rubuta masa baƙaƙen, ya kwashe su a allo da tawada, ya zauna gindin gawo yana rera a, be, se, de, yana kaɗa kai. Ba ya wanke allon sai ya taka har Gazawa ya biya mata, ta ce ya yi. Ta yi ta tura masa kalmomi, ruwa da yunwa da yara, yana turewa. Wa ya taɓa jin an shiga fassara ba a yi sauka ba? Baƙi da wasali tukuna, ma'ana tana nan tafe.

Ni na ji jiki, don ni ke kai masa kunun dusa.

"Yaya Kande, kin san wasalinsu biyar ne, kowane da murya guda? Ba irin na Ingilishi ba, mai huska biyu."

Wai akwai harafin da ake rubutawa ba a faɗa, akwai hota da ake kakarowa daga maƙogwaro, akwai enye mai ɗan rawani. Wanda ya ba shi wuya shi ne erre. Malaman Katsina sun jibge shi har ya iya haɗiye ra irin ta Ingilishi, yanzu kuma ana so ya kaɗa harshe kamar yadda yake yi tun yana goye.

Na ce, "Ayuba, harahin nan ana tuƙa tuwo da shi?"

Ya ce ban san darajar ilimi ba.

Da baƙaƙe suka zauna masa, sai ya nemi abin haɗa baƙi. Ya tsinci yagaggen buhun taimako a bayan siton Turawan, ya haddace rubutun jikinsa daga sama har ƙasa.

Ranar da babban ya zo, Lami tana Maraɗi kwance da zazzaɓi. Wakilan ƙauyuka suka yi layi, kowa na fama da guntun Faransancinsa. Da aka zo kan Ayuba, ya gyara riga, ya lumshe ido, ya kwararo karatun buhu. Wallahi ko ni da ke bayansa sai da tsikar jikina ta tashi. Baturen ya miƙe ya rungume shi, ya yi ta zuba magana da sauri, sannan ya tsaya jiran amsa. Kalma ɗaya Ayuba ya san ma'anarta, "si", wato "i".

Ya ce, "Si."

Bature ya ƙara wata tambayar.

"Si."

Muka koma gida, maigari na ta sa masa albarka. Muka zauna sauraren ƙugin kamyo. Muna ji ta yi gabas, muna ji ta yi arewa, tamu hanyar shiru. Aka fara binne yara.

Da Lami ta warke muka same ta, ni da shi. Ta shiga wajen babban ta tambayo, ta fito ta kasa haɗa ido da mu. Ayuba da bakinsa ya fassara mini. Ashe babban ya tambaya ne ko buhunan sun riga sun isa ƙauyenmu, tunda har mun haddace su. Tambaya ta biyu kuma, ko sun wadace mu. Dawar kuwa ta ƙare, an rabe ta kaf.

Ayuba ya tambaye ta wani abu ƙasa-ƙasa. Ta gyaɗa kai tana share ido. A hanya na matsa masa sai ya gaya mini.

"Ce mata na yi, bakina dai ya hita? Ta ce wai babban ya ce bai taɓa jin baƙo ya kaɗa erre kamar ni ba."

Na ɗaga hannu in mare shi, sai na ga hawaye har gemunsa. Na sauke hannun. Kashegari muka naɗe tabarmi muka bi masu tafiya Maraɗi.