Ƙwan Jimina a Ɗakin Mato

Bayan yunwar fara, dajin da ke arewa da garin Deule ya zama kango. Barewa an cinye ta, zabin daji an bi su har cikin duwatsu, jiminu kuwa tun kafin nan masu sayen gashi suka kusa ƙarar da su. Mace ɗaya ta rage da namijinta, kuma Illa maharbi kaɗai ya san inda suke saka ƙwai. Bai taɓa ɗana musu kibiya ba. Burinsa su ƙyanƙyashe, ko dajin ya farfaɗo.

Maharban wurin suna da ƙa'ida. Ba a kai baƙo gurbin jimina. In buƙata ta kama, daga nesa ake tsayawa, a jawo ƙwai ɗaya da doguwar gora, a share sawu da ganye. Hannu ba ya shiga, domin sun ce in ta ji warin ɗan Adam ta bar gurbin ke nan, wani lokaci ma ta farfasa sauran da ƙafa.

Ana nan sai Mato, uban Balki matar Illa, ya yi sabon ɗaki, ya ce sai an ɗora masa ƙwan jimina a ƙololuwa. Tsoho ne mai son a gani a yaba, amma mai alheri. Rumbunsa ne ya riƙe gidan Illa lokacin yunwa. Illa ya aika cewa zai kawo. Da gari ya waye, sai ga tsohon a ƙofar gida bisa jaki.

"Maharbi, ni ma in tahi in gani da idona. Rabona da gurbin jimina tun ina kiwon awaki."

Illa ya tuɓe takalma ya durƙusa. A gaban suruki ko ido ba a ɗagawa, balle a ce a'a. Ya ja jaki suka kama hanya.

Sun tarar jiminun sun tafi kiwo, ga ƙwayaye jere cikin rairayi. Kafin Illa ya gyara gorarsa, Mato ya sauka ya taka har tsakiyar gurbin. Ya ɗauki wannan ya shafa, ya girgiza wancan a kunne, gumi na ɗiga a kansu.

"Wanga ya hi girma. A'a, wancan ya hi haske. Mi ka gani, maharbi?"

Kalma ɗaya ta isa: dakata. Amma kunyar suruki ta hana Illa furta ta. Mutumin da ke bin kura har bakin kogo, sai ga shi tsaye da gora a hannu yana kallon ƙasa kamar amarya. Mato ya zaɓi nasa ya naɗe a riga.

Bayan 'yan kwanaki Illa ya koma shi kaɗai. Tun daga nesa wari ya tare shi. Ƙwayayen duk an farfasa su, tururuwa ta rufe, kuma a cikin ɓawon akwai 'ya'ya har sun fara gashi. Sawun manyan ya yi arewa. Ya bi har ya ɓace masa a kan dutse. Bai ga laifin tsohon ba, wanda bai sani ba ai bai sani ba. Shi da ya sani ya yi shiru, shi ya kashe su, kuma ya san haka.

Da Balki ta ga tuwo na komawa yadda ta kawo shi, ta matsa masa har ya faɗa mata.

"Haba, maigida! Da ka hwaɗa mishi, ai da ya ji. Baba bai gardama bisa abin daji."

Wannan magana ta fi masa komai zafi, don ya san gaskiya ce.

Ran Juma'a ya je gaisuwa. Dattawa na zaune a ƙofar gidan Mato suna ɗaga kai suna yaba ƙwan, tsoho sai murmushi yake yi. Ya nuna Illa da sanda.

"Ga wanda ya kai ni. Baɗi mu koma, maharbi, in ɗauko ma liman nashi."

Illa na durƙushe, ya san babu gurbi, babu jimina, babu abin komawa. Dattawa suna jiran amsarsa.

"Allah shi kai mu, Baba," in ji shi.