Shirwa a Gaban Wata

Sharhabilu ya danna maɓallin kyamara sau uku a jere, sannan ya riƙe numfashi. Wata ya fara leƙowa daga ƙetaren kogi, ja, ƙato, daidai bayan busasshiyar kukar da shirwa ke kwana a kai. Su bakwai ne a kan rassan. Ɗaya ta buɗe fukafukai, ta tashi, ta ratsa ta tsakiyar watan. Ya sake dannawa.

Ya duba ɗan allon da ke bayan kyamarar. Ga ta nan, baƙa ƙirin, kowane gashin fiffike a fili. Shekara goma sha takwas yana ɗaukar hoton amare da na fasfo a shagonsa na cikin Wudil, bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba. Zuwansa na huɗu ke nan, domin sai daren sha huɗu wata ke fitowa da sauran haske a sama. Sauran zuwan duk hadari ne ya kore shi tun rana ba ta faɗi ba.

Ya ɗago kai daga allon, sai ya ga babu komai.

Watan yana nan. Amma kukar, da kogin, da ƙafafun kyamarar da hannunsa ke kai, duk sun tafi. Ya murza idanu, ya jira. Ya san abin. Kusan shekara guda ke nan da ya fara, in magariba ta yi sai gari ya rufe masa kafin ya rufe wa kowa. Dundumi, in ji tsofaffi. Bai faɗa wa kowa ba. Mai hoto da ba ya gani, wa zai kai masa bikinsa? Ya dai koyi komawa gida da wuri. Yau ma ya yi lissafin zai kai wurin babur ɗinsa kafin duhu, amma shirwar ta daɗe ba ta tashi ba.

Ya kunna fitilar waya. Ta nuna masa ɗan da'ira a kan yashi, bai fi murfin tukunya ba. Ya tuna hanyar da ya biyo: siririya ce, hagu gaɓa mai tsawon mutum biyu da ruwa a ƙasa, dama ramukan da masu ɗiban yashi suka bari. Amma yanzu da ya juya sau biyu, ina hagu, ina dama?

Ya ɗaga ƙafa, ya taka a hankali. Taku na uku ƙasa ta zame a ƙarƙashin takalminsa. Ya faɗi zaune, ya ji ɓaraguzan da suka zube suna faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ja jiki da baya, da gwiwar hannu, har bayansa ya daki ƙafar kyamara.

Daga wani ƙauye ladan ya kira salla. Sharhabilu ya yi taimama da yashin da ke gabansa, ya sa watan a gabansa, ya yi sallar a zaune, saboda tsoron kada ƙasa ta sake zamewa. Da ya sallame sai ya ji kare yana haushi can nesa, wani kuma ya amsa masa kusa.

Ya daɗe yana kallon sunan matarsa a waya kafin ya danna.

"Abban Hanifa, kana ina? An yi salla," in ji Ikilima.

"Ina bakin kogi."

"To, taho mana."

"Ba zan iya ba." Ya matse wayar a kunne. "Ikilima, ba na gani. In rana ta faɗi ba na ganin komai. Na daɗe a haka."

A wayar yana jin ƙarar murfin tukunya, da muryar 'yarsu tana tambayar ko Abba ne.

"A tsaye kake ko a zaune?"

"A zaune."

"Kada ka motsa. Ko taku ɗaya."

A nan ne ya ji tafiya. Ba ta kare ba ce, takalmi ne a kan yashi, yana zuwa ba gaggawa. Ya kashe fitilar, ya cire kyamarar daga ƙafafunta, ya rungume ta a ƙirji. A makon da ya wuce aka yi ta maganar wani da aka tare a hanyar gona aka ƙwace masa babur, aka sare shi a hannu. Ya ware idanu iya ƙarfinsa. Baƙi ne kawai, da watan a sama. Mutumin nan yana kallonsa sarai, shi kuwa ko inda zai kare da hannu bai sani ba.

"Akwai mutum," ya raɗa a wayar. "Yana zuwa wurina."

"Yi masa magana."

"Wane ne?" Maganar ta fito siririya, kamar ba tasa ba.

"Yaya, ni ne. Yahuza."

Ƙanin Ikilima ne, mai gyaran injin ban ruwa. Sharhabilu ya saki kyamarar a cinya.

"Ya aka yi ka zo da wuri haka?"

"Ina can wajen babur ɗinka tun la'asar. Yaya Ikilima ce ta ce in biyo ka, in tsaya nesa, kada ka gan ni. Da na ji shiru ya yi yawa, na ce bari in leƙo."

Sharhabilu ya mayar da wayar kunnensa. "Kin sani?"

"Tun azumi," in ji ta. "Ranar da ka zuba shayi a gefen kofi, ka ce hannunka ne ya goce. Wa kake tsammani yake kwashe takalma da bokitai daga tsakar gida kafin ka shigo?"

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ina jira ka faɗa da bakinka. Kullum ka fita da yamma, ba na iya zama wuri ɗaya sai na ji ƙarar babur ɗinka." Ta ja numfashi. "Yau da na ga ka ɗauki babbar jakar kyamara, sai na kira Yahuza."

Ya sunkuyar da kai. Yahuza yana naɗe ƙafafun kyamarar, ƙarfe yana bugun ƙarfe.

"Gobe ki shirya da safe," in ji Sharhabilu. "Za mu shiga Kano, asibitin ido. Ke za ki yi wa likitan bayani, kin fi ni sanin lokacin da ya fara."

"Allah ya kai mu. Ku taho a hankali."

Yahuza ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya rataya jakar a kafaɗa.

"Yaya, da taku ɗaya ka ƙara, da yanzu wani zancen ake." Ya yi gaba kaɗan, sannan ya tsaya. "Farin wata ne kamar rana fa. Ko hanyar ba ka hangowa?"

"Ba na hangowa."

Yahuza ya dawo, ya juya masa baya. Sharhabilu ya lalubo kafaɗarsa, ya dafa, suka fara tafiya.