Gwajin Ƙafa Ta Taga

"Baba, ɗora ta hagu a kan benci," in ji nas daga bayan taga. "Mama, yau ke ce hannuna."

Tun da annobar ta shigo aka mai da ɗakin masu ciwon suga wurin keɓe masu tari. Su kuwa aka dawo da su baranda, ana duba su ta taga kamar masu sayen tikiti. Nas ɗaya ta rage, safar hannu ta ƙare, don haka gwajin ƙafa sai ɗan uwa ya yi. Ba wuya: mara lafiya ya rufe ido, a taɓa masa yatsa a hankali, in ya ji ya ce "e".

Baban direba ne. Matarsa ta durƙusa. Shekara talatin da ɗaya mijinta yana tuƙa bas, yanzu kamfani ya ce sai da takardar asibiti zai koma. Wata uku ke nan yana cewa ƙafafunsa kamar na aro. Ya san in nas ta rubuta haka, makulli ya bar hannunsa ke nan. Shi ya sa tun a gida ya shirya matarsa: da ta taɓa, ta ɗan yi gyaran murya. Ta yarda, don ta san mutumin nan in ya kwana biyu bai ji ƙugin inji ba, ko abinci ba ya masa daɗi.

"Kwandasta, kar ki ba ni kunya," ya raɗa mata. Haka yake kiran ta tun suna da ƙuruciya.

Ta taɓa babban yatsa, ta yi gyaran murya. Takunkumi ya shaƙe ta, abu ya zama tari sosai. Kafin ya ce "e" layi ya watse. Wata tsohuwa da ta zo tana dogara sanda ta kai bakin ƙofa, sandar tana nan kan benci.

"Mama, tun yaushe kike tari?"

"Yawu ne ya sarƙe ni, 'yata."

Nas ta miƙo abin awon zafi ta saita mata goshi. Ba zazzaɓi. Ta dubi matar, ta dubi mijin, idonta yana dariya a saman takunkumi.

"To, ta dama. Amma a haɗiye yawu tukuna."

Ta dama ita ce ta birki. Matar ta ja safa, sai ta ji ta manne a dunduniya. Ta ɓamɓare ta a hankali. Ga miki nan, faɗin murfin kwalba, gefensa ya yi fari. Ta zura hannu cikin takalmin, tsinin ƙusa ya soke ta. Allah kaɗai ya san kwana nawa yana taka shi yana tsokanar ta.

Tausayi ya kama ta, sannan tsoro. Ta tuna bas cike da mutane, da ƙafar nan a ƙarƙashinsu. Ta san zai yi fushi da ita, wataƙila ya daɗe.

Ta taɓa babban yatsa, ba ta yi gyaran murya ba. Ta taɓa na tsakiya, ta taɓa ƙaramin. Daga nan ta sa hannu biyu ta riƙe tafin ƙafar gaba ɗaya, ta juya dunduniyar wajen taga yadda nas za ta gani. Dariyar ta bar idon nas, ta jawo takarda.

Shi kuwa idonsa a rufe, kunnensa a karkace wajen matarsa.

"Ki fara mana," ya ce. "Mutane na jira."