Jirgin Garba a Bangon Mujalla

Ranar kasuwar Yelwa Ladidi ta fara lura cewa wani abu ya faru. Ta baje kwandunan kifin bandarta a inda ta saba, tarwaɗa gefe, kurungu gefe, amma matan da kan tsaya su sha hira sai suka riƙa gaishe ta daga nesa suna wucewa. Har 'yar kasuwar nan ta Anaca, wadda ta shekara biyar tana kwashe mata kifi kwali-kwali, ta zo ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce yau ba ta da wurin kaya a mota, ta juya ta saya a wajen maƙwabciya.

Ladidi ba mace ce mai barin abu ya kwana mata a ciki ba. Ta kama zanen maƙwabciyar ta tambaye ta, aka ce ta je tasha wajen Yakubu mai jarida, za ta ga kanta.

Asalin maganar, damina biyu da suka wuce wani ɗan Yauri mai suna Kabiru, wanda ya koma Kano yana harkar fim, ya zo da mutanensa ɗaukar fim a bakin tafki. Lokacin kaset ɗin bidiyo na Hausa ya fara shiga gari, jihar Kebbi ma ba ta cika shekara goma da rabuwa da Sakkwato ba. Suna neman jirgin katako mai kyau, aka nuna masu na Garba, mijin Ladidi, wanda ya rasu a ruwa bayan jirgin ya daki kututturen itace, irin itatuwan da tafki ya haɗiye tun da aka datse kogi. An ciro jirgin an yi masa faci, yana nan da shuɗin fentinsa. Ladidi ta yarda ta ba su aro, ta kuma yarda ta fito a matsayin uwar jarumar fim ɗin, don kawai jirgin da Garba ya ƙera da hannunsa ya shiga duniya.

Yakubu yana hango ta ya fara gyara jaridun da ba su buƙatar gyara.

"Inna, sannu da rana."

"Miƙo min abin da mutane ka kallo."

Ya miƙo mujallu biyu. Ta farko ta Hausa ce daga Kano. A bangonta ga jarumar fim ɗin ta sha leshi da gwal, ta langaɓar da kai a kusa da saurayi, ta ɗora malafar Ladidi a ka don ado. A cikin jirgin Garba suke zaune, amma an shimfiɗa sunan fim ɗin da manyan jajayen baƙaƙe daidai kan jirgin, ko hancinsa ba a gani. An rubuta wai soyayya ce mai sa kuka.

Ta biyu ta Turanci ce daga Legas. Babu leshi, babu saurayi. Ladidi ce kaɗai, an matso da fuskarta har ana ganin layin goshinta, ta ɗaga ƙwarya tana zuba ruwa a cikin tafki. An duhunta sararin sama, an ƙara wa idanunta ja.

"Mi anka rubuta?"

Yakubu ya yi tari, ya dubi motoci. Da ya ga ba za ta gusa ba, ya ce, "Cewa sunka yi, matar da ta ba kogi mijinta."

Ladidi ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba Turancin ne ya ƙona ta ba, abin da ta san ya riga ya zaga kasuwa ne. Garba a ruwa ya mutu, kowa ya sani. Yanzu ga hoto, ga rubutu, kuma mutanenmu in abu ya fito a takarda mai ƙyalli sai su ɗauka daga sama ya sauko. Ta tuna ranar da aka ɗauki hoton sarai. Ruwa ne ya taru a cikin jirgi, 'yar leshin ta ƙi shiga, ita kuma ta duƙa tana kwarfewa da ƙwarya kamar yadda kowace matar masunci ke yi tun tana yarinya. Jirgin aka yanke daga hoton, sai kwarfa ta koma tsafi.

Kabiru yana gari, don a ranar za a fara nuna fim ɗin a gidan kallo na bayan tasha. Ta same shi yana liƙa bangunan biyu a ƙofa, yana ta murmushi abinsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kuma shiga yi mata bayani da zuciya ɗaya, don shi bai ga laifi ba.

"Inna, talla ce. 'Yan matan Kano soyayya suke so, sai a ba su leshi da saurayi. Mutanen Legas ba su jin Hausa, abin tsoro suke saye, sai a ba su aljanin ruwa. Fim ɗaya ne, kowa dai ana nuna masa ƙofar da zai shiga. Wanda ya kalla zai ga ba haka ba ne."

"Wadda tat tahi da kwalayenta wajen wata yau, kallo za ta yi?"

Kabiru ya koma danne gefen takardar da ya liƙa. Ladidi ta ci gaba.

"Na ji na 'yan mata, na ji na Legas. To mu da anka ɗauka bakin ruwanmu, ina namu?"

"Inna, ai ku ba ku sayen mujalla."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce zai cire na Turancin in ranta ya ɓaci, har ya kai hannu. Ta buge hannun.

"Bar shi nan. In ka cire, cewa za a yi ɓoyo nikai."

Daga nan ba ta koma kan kifinta ba. Shagon Lawali mai hoto ta nufa, ta tasa shi gaba da kyamararsa har bakin ruwa, yana ƙorafin rana da yashi a takalmi. Ta kwance jirgin, ta ɗebo ruwa da kanta ta zuba a ciki, ta ɗaura zanen da ta ɗaura ranar fim, ta ɗauki ƙwaryar nan dai. Masu wanki da masu gyaran koma suka dakata suna kallo, ita kuwa ko a jikinta.

Lawali ya matso ya saita fuskarta.

"Ja baya," in ji ta.

Ya ja.

"Hancin jirgi ya shiga? Gindin hwa?"

"Inna, in na ƙara ja, huskarki ba ta hitowa."

"Huskata ta kai Legas, mi ta ƙare ni da shi? Ja baya."

Ya yi ta ja har ya taka ragar wani, sannan jirgin ya shiga gaba ɗaya.

Da kasuwa ta zagayo, hoton ya fito. Ba shi da ƙyalli, ba shi da rubutu, wani gefen ma rana ta cinye shi. Ladidi ta kai shi ƙofar gidan kallo ta liƙa da ƙullun rogo a tsakanin leshi da aljani, ta ja turmi ta zauna a gindinsa, ta baje kifinta a nan maimakon rumfarta. Duk wanda zai shiga kallo sai ya bi ta gabanta, ta kuwa kafe shi da ido har ya dubi bango.

Mutane suka taru. Wata daga cikin masu gaisuwar nesa ta dubi na Legas, ta dubi na tsakiya, ta ce a hankali, "Ashe kwarfa takai." Ladidi kuwa ba ta rage mata ko kwabo a tarwaɗa ba. 'Yar Anaca ba ta dawo ba, ranar ko bayanta.

Can wani tsohon masunci, Dudu, abokin Garba tun suna samari, ya kutsa ya kai fuskarsa dab da hoton. Bai ko nemi Ladidi a ciki ba, don ba ta fi ƙwayar gero ba. Ya bi gefen jirgin da yatsa har ya tsaya a kan facin.

"Jirgin Garba na," ya ce wa na bayansa. "Nan kututture yad dake shi. Ina wurin."

Ladidi ta sunkuyar da kai tana jera kurungun da ke jere tun ɗazu, don kada a ga idonta ya yi ja na gaske.