Makullin Bindigar Malam Tambaya

Da Malam Tambaya ya ji ciwon nasa ba na tashi ba ne, sai ya sa aka kira masa amininsa Hambali, Sarkin Bakan ƙauyen, ya danƙa masa bindigarsa ta farauta. Wasiyyar ba ta da tsawo. Hambali ya riƙe ta har lokacin yankan alkama. In ya ga hannun Mudassiru ya faɗa da ita, ya ba shi. In kuwa bai faɗa ba, ya kai ta ya miƙa wa hukuma, don a cewar Malam, gara a rasa ta da a bar ta a hannun da zai sa wani gida kuka.

Mudassiru shi ne babban ɗan Malam Tambaya, magidanci ne, manomin rani a bakin kanal ɗin da ya biyo ta wajen Bunkure. Shi dai farauta ba ta taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba. Amma bayan rasuwa an raba gona, an bayar da riguna sadaka, har buzun salla wani ƙanin mamacin ya naɗe ya tafi da shi. Bindigar nan ce kaɗai ta rage da shatin hannun ubansa a jikinta, kuma yana son ta, so na gaske.

Matsalar kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar gyaɗa girma ba. A bayan bindigar, daidai inda babban yatsa yake sauka, akwai wani ɗan ƙarfe da ake turawa. In yana kulle, ko ka ja kunama ba za ta tashi ba. Tsofaffi suna ce masa makulli, samari kuma sefti. Dokar maharban yankin ita ce bindiga a kulle take yawo, ba a buɗe ta sai ta hau kafaɗa, kuma a rufe ta kafin ta sauko. Dokar ba ta banza ba ce. Nan ba dokar daji ba ne, ko'ina ka waiga mutum ne: mata masu tsinkar tumatir, masu ban-ruwa a durƙushe cikin kwamin shuka, Fulani da shanunsu a kan gaɓa.

Kullum bayan la'asar Hambali yakan fito da bindigar, ya buɗe ta ya nuna wa Mudassiru babu harsashi a ciki, su fuskanci wani tsohon suri a bayan gari. Sai ya tafa hannu, wai agwagwar ruwa ce ta tashi. Mudassiru ya ɗaga, yatsansa ya hau lalube, ya zame, ya dawo, ya danna gefe. Kafin makulli ya ce ƙas, tsohon ya riga ya sauke hannu yana kallon sama.

“Ai agwagwar nan ta isa Kadawa, har ta sha ruwa,” in ji shi. “Sake.”

Buɗewar ma da sauƙi a kan rufewar. Sau da yawa yakan sauke bindigar a buɗe, hankalinsa duk ya tafi wajen kokawa da yatsa. Wannan kam Hambali ba ya yi masa dariya. Sai dai ya karɓi kayansa ya rufe da kansa.

Masu ba da shawara kuwa ba sa ƙarewa a ƙauye, musamman waɗanda ba su taɓa harbin ko ƙadangare ba. Abokinsa Taufiq, mai gyaran injin ban-ruwa, ya ce, “Kai ma da wahalar da kai kake. Ka roƙi tsohon nan a kawo min ita, in ɗan sassauta seftin, ka ga ko iska ta taɓa shi ya buɗe.”

Mudassiru ya kai maganar gaban Hambali, murya ƙasa-ƙasa.

“Ko iska ta taɓa shi ya buɗe?” Tsohon ya gyara zama. “To ai shi ke nan, sai mu ba iskar bindigar. Ɗana, makullin nan ubanka ya yi shekara da shekaru yana tura shi, bai taɓa kawo min ƙararsa ba. Ba a taɓa shi.”

Haka aka yi ta yi, alkama ta fitar da kai, ta yi ƙwaya, ta fara ja. Duk safiyar da Mudassiru ya leƙa gona ya ga ta ƙara nuna, maimakon murna sai gabansa ya faɗi. Manomi yana baƙin cikin nunar alkamarsa, wannan ai abin a ba da labari ne.

Wata rana da azahar yana cin ɗanwake a tsakar gida, mahaifiyarsa Iya tana gefe tana tsince zogale. Ta lura yana kai loma da yatsu huɗu, babban yatsan ya kumbura ya yi suntum. Iya ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne.

“Kai, me ya sami yatsan?”

Ya gaya mata. Ta ci gaba da tsincenta kamar ba ta ji ba, can ta ce, “In kana jan ruwa da bututu daga kanal zuwa kwami, da wane hannu kake toshe bakinsa?”

Matarsa Nafisat ta leƙo daga madafi tana dariya. “Da hagu mana, Iya. Rake ma in ya ga ba kowa, da hagu yake fere shi.”

Mudassiru ya sunkuyar da kai. Abin ba sabo ba ne a wurinsa. Bahago aka haife shi, kuma yana tuna tsumman da Iya take naɗe masa hannun hagu da shi in an zo cin abinci, tun yana kuka har ya daina. Da dama ya koyi ci, da dama ya riƙe alƙalami a makarantar allo, da dama yake gaisawa. Hagun ya koma hannun ɓoye, sai aikin da ba mai kallo.

“Iya, ina ni ina ɗaukar kayan Baba da hagu, a gaban Sarkin Baka? Ai sai ya ce ban da tarbiyya.”

“Ka karɓa da dama, ka yi bismilla,” in ji ta. “Daga nan ka mayar da ita inda Allah ya ajiye maka ƙarfinka. Bindiga ai ba tuwo ba ce.”

Bai yi ba. Kunya ta hana shi, ya ci gaba da azabtar da yatsan dama har ranar da masu lauje suka shiga gonar maƙwabcinsa. Da yammacin ranar ya tarar Hambali ya naɗe bindigar a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Tsohon bai iya kallon idonsa ba.

“Gobe zan shiga Kura da ita wajen hukuma. Amana ce, ɗana, ba ƙiyayya ba.”

“Baba, a ba ni ita sau ɗaya. In bai yiwu ba na haƙura.”

Hambali ya kwance buhun, ya buɗe ta ya nuna masa cikinta fayau kamar kullum. Mudassiru ya karɓa da dama, ya yi bismilla, sannan ya juya ta zuwa hagu. Aka tafa. Bindiga ta hau kafaɗa, makulli ya ce ƙas, ya sake cewa ƙas, ta sauko a rufe. Shi kansa bai san lokacin da yatsan ya yi aikin ba. Abin da ya ji kawai shi ne kuncinsa ya kwanta a wani wuri mai santsi a jikin katakon, kamar an auna da shi.

Hambali ya sake tafawa, ya kuma sakewa. Ko sau ɗaya yatsan bai zame ba, ko sau ɗaya ba ta sauko a buɗe ba. Sai tsohon ya nemi gindin surin ya zauna, ya cire hula ya shafa kai.

“Zo nan. Juyo da ita.” Ya nuna masa gefen katakon da ya yi baƙi, ya lotsa kaɗan. “Wannan kuncin ubanka ne. Dubi makullin ma, ka ga ta wajen da ya cinye. Tambaya bahago ne. A gari da dama yake komai, amma da mun bar gidaje a baya sai ya sauya kafaɗa. Ya roƙe ni kada in faɗa, don ya sha duka a kan abin yana yaro.”

“To Baba, me ya sa ba a ce in gwada ba?”

“Ina na sani? Tun kana tatata da dama nake ganin kana komai.” Ya goge ido da bakin rigarsa. “Ɗauki kayanka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

Rana ba ta faɗi ba Mudassiru ya shiga gida da buhun a kafaɗa. Iya tana kan tabarma tana jan carbi. Ya durƙusa ya gaya mata komai, har da maganar katakon. Ta miƙo hannu ta shafa wurin da ya lotsa, ta daɗe tana shafawa. Shekarun da ta yi da mutumin nan sun fi ƙarfin lissafi, amma mace ba ta bin miji farauta, ta ina za ta sani?

“Allah sarki, Malam,” ta ce a hankali. “Duk ranar da na ɗaure maka hannu, sai ya tashi ya bar abincinsa ya fita. Ni kuwa ina ta zaton miyata ce ba ta yi masa ba.”